Madabod Ba Takalmin Sallah Ba Ne

Ina shiga shagon ƙanina Sadisu a Limawa na tarar da shi sharkaf da gumi, yana danna furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, cikin gurbi da babban yatsa kamar mai cusa kaya a buhu.

Sabuwar kwamfutar tebur yake haɗawa don aikinsa na gyaran bidiyon biki. Tun farko na ce ya nemi madabod, wato babban allon cikin kwamfuta, wanda ya dace da furosesarsa, don a kansa ake dasa komai. Ina! Wanda ya gani a bidiyo yana walƙiya ja da kore, shi ya sa aka aiko masa daga Kano.

Na ce, "Sadisu, wannan ba gurbinta ba ne, ba za ta zauna ba."

Ya ce, "Haba Yaya, don sabo ne. Takalmin Sallah ma sai an taka yake saki."

Ya ƙara dannawa. Sai muka ji ƙas! 'Yan alluran da ke cikin gurbin duk sun kwanta, madabod ya lalace.

Ga masu wani biki a Ringim suna jiran bidiyonsu. Abin haushin ma, akwatin kwamfutar rufaffen ƙarfe ne, ko da ta tashi ba mai ganin walƙiyar madabod ɗin.

Jama'a, jaje zan yi masa ko dariya?