Tawadar Suruki

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana rubuta sunaye a takardun shaidar gama makaranta, har kowa ya koma kiransa Mai Alƙalami. Ɗakin aikinsa a bayan shagon wani tela yake: tebur ɗaya, taga ɗaya, sai kofin gilashi da ba a shan ruwa da shi. Duk sabuwar tawada sai ya ja layi da ita a guntun takarda, ta bushe, ya tsoma a kofin. In ruwan ya rine, sai ya ba jikoki kwalbar su yi zane.

Wata rana surukinsa ya dawo daga tafiya da tsarabar tawada shuɗiya, kyakkyawa kamar a lashe.

"Baba, wannan ko a kogi aka jefa rubutunta, ba abin da zai same shi."

Ya ji nauyin gwada kyautar suruki a gabansa. Washegari aiki ya taso, takardu arba'in na ajin manya masu koyon karatu. Ya zuƙi tawadar kawai ya hau rubutu.

Kwana uku da raba takardun, wata tsohuwa mai wankau ta yi sallama. Ashe a gida ta ɗauki takardarta da jiƙaƙƙen hannu za ta nuna wa maƙwabciya, sunan ya narke, ya zama shuɗin tabo.

"Malam, ba faɗa na zo ba," in ji ta. "Wata tara ina koyon karanta sunan nan. Yanzu na duba ban gan ni ba. Ko idona ne?"

Da zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi.

"Ba idonki ba ne, Inna. Ni ne ban gwada tawadar ba."

Ya je wurin malamar ajin, kai a sunkuye, ya roƙi sababbin takardu. Ya sake rubuta su da tsohuwar baƙar tawadarsa, ya bi gida gida yana musanyawa, kowace ƙofa sai ya maimaita laifinsa da bakinsa. Wasu suka yi dariya. Wani direba ya ce shi shuɗin ya fi so, ya hana tasa.

Matarsa ta ce a gaya wa surukin, ya ce a'a.

"Shi kyauta ya kawo. Gwaji aikina ne."

Har yau in ya hango tsohuwar tana shanya, sai ya nemi sauya hanya. Ita kuwa ba ta barinsa. Daga nesa take ɗaga murya: "Malam, ina gajiya?" Sai ya tsaya ya amsa, idonsa a ƙasa.