Keken Ɗinkin Inna

Ko yanzu in na bi ta layin teloli a kasuwar Talata Mafara na ji ƙarar keken ɗinki, sai in rage tafiya. Ba na lantarki nake nufi ba, wanda ake takawa da ƙafa. Da wannan ƙarar aka raine mu. Tun hantsi take tashi a ɗakin Inna, ba ta tsayawa sai an kira azahar.

Keken na Inna ne, ka riƙe wannan, don duk maganar a kansa take. Da kason gadonta ta saye shi bayan rasuwar mahaifinta a Maradun. Baƙi ne mai zanen ruwan zinari, har riga ta ɗinka masa. Kuɗin sabulunmu da littattafanmu da man miya duk daga ƙarƙashin allurarsa suke fitowa. Na sha ranƙwashi a kan taɓa shi.

Shekarar da nake aji huɗu, Baba ya karɓi taki da iri bashi wajen wani attajiri, a kan zai biya da shinkafa in an yi girbin rani. Ya dangwala yatsa a takardar boko da bai iya karantawa ba. Shinkafa ta yi kyau a bakin kanal ɗin ban-ruwa, har ta fara nuna, sai tsuntsayen jan-baki suka sauka. Muka yi ta kaɗa gwangwani muna ihu har muryoyinmu suka dishe. Abin da aka kwaso bai cika buhu uku ba.

Sai attajirin ya turo mai karɓa masa bashi, wani dogon mutum mai babur da jaka a hammata. Ba ya zagi, ba ya ɗaga murya. Zai yi sallama, ya gaida Baba, ya tambayi iyali da gajiya da zafi, sannan ya zauna a zaurenmu har la'asar. Duk wanda ya wuce ya ga babur ɗin ya san abin da ake ciki. Zaman nan shi ne aikinsa.

Ranar farko Baba ya leƙo cikin gida ya ce, "Baƙo na, ko mi yak kawo shi. A kai mai abinci."

Haka Inna ta riƙa zuba masa a kwanon baƙi, da tsokar da ya kamata a raba mana. Ni ke kaiwa. Kwana tara yana cin tuwonmu, har da yaba miya. Haushinsa nake ji kamar in watsa masa ruwan wanke hannu, amma in na durƙusa sai in ce masa a ci lafiya.

A rana ta tara, ina ajiye kwano, ya karkata kai yana saurare. Babbar Sallah ta matso, keken Inna ba ya hutawa.

Ya ce, "Yarinya, wa ka ɗinki cikin gidan ga?"

Na ce, "Innata ta. Duk unguwag ga ita ka yi musu."

Da alfahari na faɗa. Har yau ban gama yafe wa bakina ba.

Kafin ya tafi ya gaya wa Baba cewa jibi zai zo da mota a ɗauki keken, in ba haka ba ya zo da 'yan sanda.

Muna da maƙwabciya a gidan haya, Kirista ce daga kudancin Kaduna, tana aikin buga takardu a kotu. Labari ya kai mata, ta leƙo ta katanga ta kira Inna. Ina wanke-wanke a wajen, na ji komai.

Ta ce, "Maman yara, kada ki yarda. Bashi ba laifi ba ne, ba ruwan ɗan sanda a ciki. Ba mai ikon ɗaukar kayan mutum sai da takardar kotu. Kuma keken naki ne, ba ke kika ci bashin ba. Ko alƙalin Shari'a haka zai gaya miki. Ki shirya gobe in raka ki."

Inna ta riƙa murza bakin zanenta. Can ta ce, "In tahi gaban alƙali in ce nawa daban, nashi daban? In dawo in dube shi da wane ido?"

Duk da haka ta gwada yi wa Baba maganar. Abin da ya ce kawai shi ne ba a taɓa kai gidanmu kotu ba, mu ma ba mu taɓa kai kowa ba. A wajensa taka ƙofar kotu ya fi talauci muni.

Ranar da motar ta zo, Baba ya fita masallaci tun ba a kira salla ba. Inna da kanta ta zare zaren, ta goge keken, ta sa masa rigarsa. Ba a ba mu takarda ba, ba a faɗi nawa aka yi masa kuɗi ba. Da girbi ya zagayo ma sai da suka sake karɓar shinkafa. Keken ya bar sawun ƙafafunsa huɗu a daɓen ɗaki. Yammacin nan ni da yayata muka bi gida-gida muna mayar da atamfofin mutane, wasu an riga an yanka.

Yanzu malamar makaranta ce ni. Masu karɓar bashin zamani ba sa zaman zaure, ta waya suke kiran dangin mutum da abokan aikinsa su tona masa asiri. In mata suka kawo mini kuka, maganar maƙwabciyar nan nake maimaita musu kalma-kalma. Da yawa sukan yi godiya, sannan in ga sun fara murza bakin mayafi kamar yadda Inna ta yi.

Sai da na yi shekara biyu ina tara kuɗi kafin na saya wa Inna wani keken. Lokacin yanar ido ta rufe mata gani, ko kafar allura ba ta gani. Ta shafa shi tun daga sama har ƙasa, ta zauna ta taka shi ba zare, tana saurare. Ta sa mini albarka sosai.

Sannan ta ɗauke ƙafarta ta ce, "Wanga muryatai daban ta."