Hujjar da Na Ɗauko a Garkar Kakana

Bakwai bisa ashirin. Abin da mushe, wato malaminmu, ya ba ni ke nan a aikin rubutuna na farko a jami'a, a Damagaram. Tambayar ba ta da wuya: mene ne burinki bayan karatu, kuma zai yiwu? Na cika shafi huɗu. Na ce zan karanci aikin ƙasa da itatuwa, in koma Gure in tsayar da rairayin da ke binne mana garake, lambunanmu. Na ce zai yiwu, na kuma faɗi yadda za a yi.

A ƙasan takardar ya rubuta da jan bik cewa ɓangare ɗaya kawai na kawo. Duk wanda ya yi lise, babbar sakandare, ya san ƙa'idar: ka kafa ra'ayi, ka juyo ka rushe shi da hannunka, sannan ka sasanta su. Na sani sarai, da ita na ci bak, jarrabawar gama lise. Amma can ana tambayarmu ne a kan wasu manyan kalmomi da ba su taɓa damuna ba. Wannan kuwa rayuwata ce. In zauna ina ɓata tawada wajen kawo dalilin da zai sa in kasa? Masu yi mini wannan aiki sun cika gari, ba sai na taya su ba.

Haka na gaya masa bayan darasi. Bai ko yi fushi ba, abin da ya ƙara ƙona mini rai ke nan. Ya ce in sake aikin in kawo bayan hutu. In ban kai goma ba, sai jarrabawa ta biyu a farkon damina. To, a daidai lokacin ne masu dashen itatuwa na Gure suke hawa tuddai, kuma da ƙyar na samu suka yarda in bi su in koya. In na rasa wannan daminar, sai baɗi.

Na iso gida ina huci. Inna ta ce, "Ke, rubuta masa abin da yake so mana, ki huta." Kwana uku ina gaban kaye, littafin rubutuna. Na rubuta cewa mace ba za ta iya aikin rana ba, na karanta, na yage, don ni kaina ban ga wanda zai yarda da wannan shirmen ba a garin da mata ke noma. A rana ta huɗu na ce bari in je wurin wanda bai taɓa yabon sabon abu ba tun da aka haife shi, kakana na wajen uwa.

Garkarsa tana cikin kwari, bayan gari. Ta gabas tudun rairayi ya riga ya shigo, dabino uku sun nutse har wuya, kawunansu kawai ake gani. Na same shi da hantsi yana ba albasa ruwa.

"Amarya, an dawo? Ina takardar da za ki kori rairayin da ita? Miƙo in nuna masa ya ji tsoro."

"Tsoho, ba gaisuwa na zo yi ba. Ka gaya mini abin da zai sa in kasa, ni kuma in rubuta."

Ya ajiye gugar, ya dube ni. "Yau ke da kanki kika zo neman zagi? Zauna. Na daɗe ina tara miki shi."

Na zauna a kan kututture, na buɗe kaye.

"Kina ji kamar ke kika fara ganin tudun nan? Kafin ki yi wayo an zo da motoci. An kafa shinge layi-layi da ganyen goruba, an dasa itatuwa a tsakani, an ɗauki hoto, har da ni a ciki ina washe baki. Rairayi ya tsaya kuwa, ba zan yi ƙarya ba. Shekara biyu bai motsa ba."

"To ka gani!"

"Rubuta, mai gaggawa, ban gama ba. Masu motoci suka tafi. Awaki suka hau suka cinye dashen. Shingen kuma aka zare shi ɗaya-ɗaya, aka dafa tuwo da shi."

"Wane marar hankali ne zai zare shingen da ke tsare masa garka?"

Ya yi dariya har da tari. "Akwai wata mai jan kallabi, bakinta ya fi ta girma. Uwarta takan aike ta itace can nesa, ita kuwa ba ta son tafiya. Daga nan nake hango ta, ta cika kai ta gangara tana sauri."

Bik ɗin ya tsaya a hannuna. Na tuna kallabin. Na tuna yadda busasshen ganyen yake kamawa da wuri, da yadda Inna take yabona wai na fi yayyena zafin nama.

"Me ya sa ba ka hana ni ba?"

"In hana ki, ku ci me? Ni ma da shi aka dafa nawa."

Na tashi na tafi, ban yi masa sallama ba. Ya bi ni da murya, wai in gaida malamin, in ce masa akwai ƙari in yana so.

Ranar na rubuta ɓangare na biyu a zama ɗaya, shafi uku, ban sassauta wa kaina ba. Na sa awakin, na sa murhun, na sa yarinyar, na kuma ce ni ce. Da na zo sasantawa, na san abin da ɗalibai suka saba yi: su ja baya, su ce komai yana da amfani da rashin amfani. Ban yi ba. Na rubuta cewa burina yana nan inda yake, sai dai na gano aikin ya ninka yadda na zata. Kafa shinge kowa ya iya. Wanda bai tambayi matan gefen tudu da me za su hura wuta ba, itacen girki kawai ya kai musu har ƙofa. Zan karanci dashen, zan kuma koyi wannan tambayar.

Sha biyu mushe ya ba ni. Ya ce sasantawar ta cika taurin kai. Ban tsaya yin musu ba, motar Gure nake nema.

Da ruwa ya sauka na hau tudu da masu dashe, tun safe har azahar, bayana kamar zai karye. Da la'asar, su suka tafi hutawa, ni na shiga gidajen da ke gindin tudun ina tambaya. A gida na farko wata dattijuwa ta ce in ba itace na kawo ba in matsa mata daga hanya. Na matsa, na shiga na biyu.