Karen da Ya Kayar da Matar Fasto

A shekarar da kansil, wato hukumar garinmu, ta rage ma'aikata, maigidana yana cikin waɗanda aka sallama. Ya dawo gidanmu na haya a Withington, nan ƙasar Turawa, ya zauna a kujera, ba fita, ba magana, ko coci sai na ja shi. Ni ina aikin kula da tsofaffi, in fita in bar shi a kujerar, in dawo in same shi a cikinta. Gaskiya na tsorata.

Sai 'yarmu ta je inda ake ajiye karnukan da aka yasar, ta ɗauko masa wani jibgegen kare. Muka raɗa masa Baƙi, bai taɓa amsawa ba. Ni da na tashi a Kafanchan, inda kare ya san iyakarsa tsakar gida, yau ga shi a falona yana kallona ido cikin ido. Amma maigida ya fara fita yawo da shi safe da yamma, har aski ya je ya yi. Dole na haɗiye maganata.

Sai dai karen ba shi da ta ido. In ya nufo ni na ce, "Kai, tafi can," sai ya taho a guje ya dafa ni da ƙafa biyu. Ina ƙara tsawa yana ƙara tsalle. Ranar da matan zumunta suka zo addu'a, matar fasto ta hango shi ta ce, "Kai, kai, kai." Kafin mu ankara tana ƙasa, ɗankwali a gabas, jaka a yamma. Maƙwabta suka ji ihun suka kai ƙara. Mai gidan hayar ya ce in aka sake, ko kare ya bar gidan ko mu.

Maigida ya koma kujerarsa.

Ƙanina da ke unguwar Erdington a Birmingham ya ce ya san wani gwanin karnuka. Muka sa kare a mota har Birmingham. Mutumin ya fito da baƙin tabarau, ya ce raini ne kawai, sai mun nuna wa karen waye babba. Wai mu riƙa cin abinci a gabansa yana kallo, mu kuma sa masa sarƙa mai shaƙe wuya. Na ce, "Malam, a ina ka yi karatun?" Ya ce baiwa ce. Na ce baiwa kam kakata ma tana da ita, amma ba ta kafa allo a ƙofar gida ba. Ƙanina yana ta taka mini ƙafa, ni ko a jikina.

Da muka dawo, likitan dabbobi ya duba karen ya ce lafiyarsa lau. Ya ce a ƙasar nan kowa yana iya wayar gari ya kira kansa masanin halin kare, ba mai hana shi. Mu nemi wanda ya yi karatun, yana cikin ƙungiyar da ke gwada mutanenta, ba ya kuma aiki da duka ko tsoratarwa. Ya tura mu wajen wata mata.

Ranar da ta zo na tare ta a bakin ƙofa, sai da ta nuna mini takardarta na ba ta hanya. Ta zauna, ko taɓa karen ba ta yi ba, ta ce mu yi hira yadda muka saba. Hirar da muka saba kuwa gardama ce. Na juya wajen maigida na ce, "Baban yara, ai kai ne ka ɓata shi." Kare ya miƙe. "Kai ne kake ba shi nama a hannu." Sai ga shi a kan cinyata.

Matar ta tambayi 'yarmu ma'anar wannan kalma da nake ta maimaitawa. Yarinya ta ce da ita ake wa namiji magana, da ita ake tsawa, da ita ake mamaki, har abin da ke bisa wuya ma sunansa ke nan. Sai matar ta ce a hankali, "Kai." Karen ya sauka daga kaina, ya je gabanta ya zauna yana kaɗa wutsiya.

Ashe a ƙasar nan "Kai" suna ne da ake sa wa karnuka, kuma ga alama da shi mai shi na farko yake kiransa. Tsallen ma, in ji ta, zai daina in an koya masa zama, amma sai mun rage kiransa a banza. 'Yarmu ta yi dariya har da hawaye. Ni ma na fara, sai na lura maigida ba ya dariya. A watannin nan kamfanoni sun sha kiransa intabiyu, ya goge takalmi ya tafi, ya dawo hannu wofi.

Ya ce, "Wato tun da ya zo gidan nan ana kiransa, yana zuwa, ana korarsa."

Na daina dariya. Na dubi karen na ce, "Kai, zo nan." Ya zo. Ranar na fara sa hannu na shafa shi.