Gangar Torquil MacAskill

Torquil MacAskill shekara ashirin ya yi yana mirgina ganguna a gidan dafa giyar wuski na tsibirinmu. Ranar da aka rufe gidan, manaja ya raba wa ma'aikata takardun sallama, shi kuwa Torquil ya ce bai son kuɗi, a bar masa ganga guda daga dahuwar ƙarshe. Aka bar masa, a tsohon sito na bakin teku, aka ba shi makulli ya riƙa gadi.

Matarsa Ishbel ciwon ƙirji gare ta. Abu ɗaya take roƙo, a sayar da gangar su koma garin Oban kusa da 'yarsu da asibiti.

"Mace, ke me kika sani?" in ji shi. "Gidan da ya mutu, wuskinsa kullum tsada yake ƙarawa. Bari ta cika shekara arba'in."

"Ita ta cika arba'in, ni in cika kabari."

"Bakinki dai bai ciwo."

Duk bazara wani dillali, Rennie, yakan taso daga Glasgow da tayi. Torquil ya kai shi sito, ya ƙwanƙwasa gangar da guduma ya ji amonta, ya raka shi jirgin ruwa yana dariya. Ko toshiyar bakin gangar bai taɓa yarda a cire ba, wai buɗewa na ɓata ta. Haka ubansa ya koya masa.

To, sito mai laima ƙarfin giya yake sha, ba ruwanta ba. Kowa ya san haka. Shi ma ya sani, sai dai yana gani tasa gangar ta fi ƙarfin wannan.

Da shekara arba'in ta cika, ya sa kwat ɗin zuwa coci, ya kira Rennie. Aka cire toshiya, Rennie ya ɗiba ya jefa ma'aunin ƙarfin giya. Ya duba, ya sake dubawa.

"Talatin da takwas, dattijo."

"Me ke nan?"

"Doka ta ce in ƙarfinsa bai kai arba'in cikin ɗari ba, ba wuski ba ne. Da bara waccan ka kira ni, da ka sayi rabin Oban."

"A gauraya da wata mana!"

"Wace? 'Yan'uwanta duk an shanye su. In na zuba ta wani gida, sunan gidanku ya tafi, sunan kuwa nake saye."

Da labari ya isa gida, Ishbel ta juya fuska bango. Kafin damina ta fita ta rasu.

A wurinmu, in an binne mutum, sai an zagaya wa maza da ƙaramin kofin wuski a bakin kabari. Torquil ya zo da tulu cike daga gangar, yana zuba wa kowa. Ƙanen Ishbel, Calum, ya kurɓa, ya juya a baki, ya tofar kan ciyawa.

"Suruki," ya ce, "a kan wannan shayin ka kashe mana ita?"

Sauran suka ajiye kofunansu cike a kan katanga, suka gangara gida.