Maganin maye a garin da babu giya

Yau Lahadi. Ƙafafuna a kumbure, jiri kuma bai sake ni ba tun asuba.

Na dogara sanda zuwa wani shagon magani a nan Bagudo, neman na hawan jini. Mai shagon ya ce ya ƙare. A gurbinsa an jera wasu ƙananan kwalabe masu rubutun Koriya.

Na ce, "Waɗannan fa?"

Ya rage murya. "Baba, na warware maye ne. Mutanen Koriya in sun sha giya da ogansu bayan aiki, shi suke kurɓa da safe su tashi garau."

"To mu da Shari'a ta hana giya, wa yake warkarwa?"

Ya yi dariya. "Nan ta hana, Baba. Ƙasar Benin kuwa tafiyar babur ce. Ran Asabar a tsallaka duba kaya, ran Lahadi a zo wurina. Ko ɗazu Alhaji Bello ya aiko an karɓar masa."

Sai ya tuna Bello ɗana ne, ya shiga goge kantar shagon.

Bellon da ya yi mini alkawarin kai ni asibiti yau.

Ban ga laifin 'yan Koriya ba. Su ko ba komai, in sun sha maganin suna zuwa inda ake jiransu.

Ku da kuka san kwalbar nan, ku faɗa mini, yaushe take fara aiki? An sallame la'asar, ina bakin ƙofa da hulata a kai, Bello bai zo ba.