Gwajin Motar Gawa

A shekarar da na gama karatun injiniya na dawo gida zaman jiran aiki, dattawan masallacinmu suka damƙa mini motar gawa. Tsohuwar a-kori-kura ce mai kafireta, an yi mata rumfa a baya daidai tsawon makara. Na gaya wa Liman cewa yawancin abin da na sani a takarda na san shi. Ya ce, "To ka karanta mata takardar, ko za ta ji."

Matsalarta ba a ɓoye take ba. A tsaye tana kaɗawa lafiya. Amma da an ɗora mata nauyi ta kama hawa, sai injin ya riƙa ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwani, ya ɗauki zafi, ya mutu. Haka ta yi ranar jana'izar wata maƙwabciyarmu, a hawan da ke bayan unguwar Manhyia kan hanyar maƙabartar Tafo. Muka sauka muna turawa, direbobin tirotiro, motocin hayar garinmu, suna danna mana ham, har sai da suka ga makarar suka yi shiru. Mata ba sa raka gawa, amma labarin ya riga mu komawa gida. Mahaifiyata, wadda muke kira Mma, ta ce, "Ni dai kada a tura ni a titi kamar kurar gawayi." A lokacin ciwon ƙodarta bai kwantar da ita ba, muka yi dariya.

Lokacin da na buɗe motar, Mma ta riga ta daina tashi. An sallamo ta daga asibiti ba tare da an ce mu dawo ba.

Abin da na gano, in ban yi kuskure ba, shi ne wannan. A gefen distibita, wato abin da ke raba wa fulogai wuta, akwai wani ɗan gwangwani da siririn tiyo ya haɗa shi da kafireta. Iskar da injin ke zuƙa ce ke jan wata roba a cikinsa, ta sa wutar ta riga lokacinta kaɗan idan ana tafiya a sannu-sannu. Na cire tiyon na tsotsa. Da robar lafiya take, da ya manne a harshena. Iska ce kawai ta zo, da ɗanɗanon fetur. Robar ta yage, ina jin tun da daɗewa, kuma duk fitan da aka kira, wato makaniki, sai ya murɗa distibita gaba har ƙarar ta yi masa daɗi a kunne, ya tafi. Wutar ta yi gaba fiye da kima, shi ya sa hawa ke kashe ta.

Ba laifin fitocin ba ne kacokan. A unguwarmu ba a yawo da motar gawa babu gawa. In aka ji ta tashi, mata kan leƙo suna salati, suna tambayar gidan wa aka yi rashi. Saboda haka kullum a tsaye ake gyaranta, alhali ciwonta a kan hanya yake.

Na samo gwangwanin wata mota irinta a Magazin, kasuwar kayan gyaran mota, na aro fitilar saita taimin, wato lokacin tashin wuta, na shafa alli a alamar da ke jikin fuli, faifan da ke juya bel. Na toshe tiyon, na mayar da distibita baya sannu a hankali har alamar ta tsaya inda ya kamata. Duk wannan a bayan masallaci na yi shi, katanga ɗaya tsakanina da ɗakin Mma. Saura gwaji a hawa.

Yayata ta same ni a wurin, ta tsaya nesa da motar.

"Injiniya, ka gama kiran nata?"

"Yaya, gyara nake yi."

"Gyara. Uwarka tana kwance, kai kana dumama mata mota. In ka fita da ita ka bi ta ƙofar gidanmu, wallahi ni da kai ne."

Babu wata hanyar fita sai ta ƙofar gidanmu. Lungun ɗaya ne. Na ce mata ƙila gyaran ya yi, ƙila bai yi ba, ba zan iya sani ba sai na hau da ita. Ta ce, "Kai kullum ƙila."

Washegari da hantsi na loda buhunan yashi a baya, kimanin nauyin mutanen da ke zama tare da makara, na fita. Mai wake da shinkafa ta bakin lungu ta dafe ƙirji ta juya tana kallon gidanmu. Na bi ta unguwar Dichemso na kama hawan. Tsakuwar nan ta cikin injin ta ɗan yi magana. Na tsaya na ƙara mayar da distibita baya kaɗan, na sake hawa. Ta haye shiru.

Da na shiga ɗakin, Mma ta ce, "Wa ya rasu?"

Na ce babu kowa.

Sai ta ce, "Ta hau?"

"Ta hau, Mma."

"To," in ji ta, ta juya fuskarta bango. Har yau ban san ko hankalinta ne ya kwanta, ko kuwa na gaya mata abin da kowa ke ɓoye mata ba.

Ba ta cika mako ba. Ni na tuƙa gawarta, bayan azahar, kuma motar ba ta tsaya ba har ƙofar maƙabarta. Yayata tana gaishe ni idan mun haɗu a sha'anin dangi, amma tun ranar gwajin ba ta sake zuba mini abinci da hannunta ba.